Sa'a ko gwaninta? Muhawarar da wasannin kwamfuta suka tayar a birnin Guangzhou

Akasarin Hausawan da suka san Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin, sun san shi ne ta hanyar fatauci. Nan ne 'yan kasuwa daga Kano da Maraɗi da sauran biranen Afirka ta Yamma ke zuwa saro yadi da wayoyin salula da kayan gyaran babura, su yada zango a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, kuma nan ne ake gudanar da shahararren baje kolin nan na Canton tun daga shekarar 1957. To amma akwai wata fuska ta birnin wadda ba kowane baƙo ke lura da ita ba, ko da yake tana gabansa a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa da gidajen cin abinci, inda za ka tarar da matasa sun sunkuyar da kai kan wayoyinsu suna fafatawa da abokan hamayyar da ba su taɓa gani ba. Guangzhou na ɗaya daga cikin cibiyoyin sana'ar wasannin kwamfuta a ƙasar Sin, kuma wannan sana'a ta sake tono wata tsohuwar tambaya: shin wanda ya yi galaba a irin waɗannan wasanni gwani ne, ko kuwa sa'a kawai ya taka?

Tambayar tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Ana raba kyaututtuka na dubban ɗaruruwan daloli a gasannin nan, kuma a kan amsarta ne hukumomi ke yanke hukuncin ko wasa ya cancanci a kira shi wasan basira, ko kuwa caca ce ta sauya riga. A ƙasar Sin dai tun a watan Nuwamban 2003 hukumar wasanni ta ƙasa ta amince da gasar wasannin kwamfuta a matsayin wasa na 99 a jerin wasannin da gwamnati ta yarda da su.

Darasin da aka koya a watan Oktoban 2017

Daga ran 19 zuwa 22 ga watan Oktoban 2017, babban ɗakin wasanni na Guangzhou ya karɓi baƙuncin zagayen kusa da na kusa da ƙarshe na gasar duniya ta League of Legends, wasan da ƙungiyoyi biyu masu 'yan wasa biyar biyar ke karawa, kowace na ƙoƙarin rusa sansanin 'yar'uwarta. A cikin waɗanda suka hallara har da ƙungiyar SK Telecom T1 ta Koriya ta Kudu, wadda ta riga ta lashe kofin sau uku, a 2013 da 2015 da 2016, tare da tauraronta Lee Sang-hyeok, wanda aka fi sani da Faker. Ƙuri'a ta haɗa ta da Misfits, wata sabuwar ƙungiya daga gasar nahiyar Turai, wadda kusan ba wanda ya sa ran za ta kai labari.

'Yan Koriyan sun lashe wasan farko kamar yadda aka yi tsammani. Sai 'yan Misfits suka fito da wata dabarar da ba a saba gani ba a gasar ta wannan shekara, suka ci wasa na biyu, suka ci na uku. Da a ce ƙa'idar karawar ita ce wanda ya fara cin wasa biyu cikin uku ya wuce, to da zakarun duniya sun tattara komatsansu daga Guangzhou a wannan rana. Amma ƙa'idar ita ce a ci uku cikin biyar. SK Telecom ta farfaɗo ta lashe wasa na huɗu da na biyar, ta tsallake da 3 da 2, kafin daga bisani Samsung Galaxy ta lallasa ta da 3 da nema a wasan ƙarshe a birnin Beijing.

Abin lura a nan shi ne, 'yan wasan su ne dai su, gwanintarsu ba ta ƙaru ko ta ragu cikin sa'o'i biyu ba. Tsawon karawar ne ya ba wanda ya fi ƙarfi damar nuna ƙarfinsa. Wannan shi ne mabuɗin fahimtar muhawarar baki ɗaya.

Tsakanin dara da ludo

Mai karatu da ya tashi a ƙasar Hausa ba ya bukatar kwamfuta kafin ya gane bambancin. A wasan dara, mutum biyu ne ke zaune gaban gurabe talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, kuma duk abin da ke faruwa a fili yake. Ba a jefa komai, ba a ɓoye komai. In tsoho ya cinye yaro sau goma a jere, ba mai cewa sa'a ce. A ludo kuwa, kana iya zama gwanin lissafi amma ka wuni kana jiran shida ta fito, abokinka na ta zagaye allo. Karta na tsakiya, domin rabon da aka yi maka ba ya hannunka, amma yadda za ka sarrafa shi yana hannunka.

Birnin Guangzhou ya taɓa karrama wasanni irin na dara. A gasar wasannin ƙasashen Asiya da ya ɗauki nauyi daga ran 12 zuwa 27 ga watan Nuwamban 2010, an ba da lambobin yabo a wasan ces da wasan weiqi, wanda aka fi sani da go, da kuma xiangqi, wato darar Sinawa. Koriya ta Kudu ce ta kwashe zinarai uku na weiqi, ƙasar Sin kuma ta ɗauki biyu na xiangqi. A waɗannan wasanni babu ƙuri'a a kan allo, shi ya sa ba a yi wata gardama kan cancantar waɗanda suka yi nasara ba.

Wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta sun sha bamban da su ta hanyoyi uku. Na farko, yawancinsu na ɗauke da wata manhaja mai jefa ƙuri'a a ɓoye, ita ke yanke ko sara zai yi illa ninki, ko wace kati za ta zo hannunka. Na biyu, akwai abin da ake kira hazon yaƙi. A wasanni irin su StarCraft II da League of Legends ba ka ganin abin da abokin gaba ke shiryawa a ɓangarensa na fili sai ka aika ɗan leƙen asiri, saboda haka sau da yawa kana yanke shawara ne bisa hasashe, kuma hasashe mai kyau na iya gamuwa da mummunan sakamako. Na uku kuma yana wajen wasan: wa ƙuri'a ta haɗa ka da shi, da kuma sauye-sauyen da kamfanin da ya mallaki wasan kan yi wa ƙa'idoji a kai a kai, waɗanda kan ɗaga salon wani ɗan wasa su kassara na wani. Ba wanda ke sauya ƙa'idar dara ana saura 'yan makonni a fara gasa.

Wasan da ya fi jawo gardama

Idan ana batun sa'a, wasan da aka fi ambata shi ne Hearthstone, wasan kati na kamfanin Blizzard na Amurka da ya fito a 2014. A ƙasar Sin kamfanin NetEase ne ke tafiyar da shi, kamfanin da Ding Lei ya kafa a Guangzhou a shekarar 1997, wanda har yau yake da babban sashen wasanni a birnin. Kowane ɗan wasa kan shirya kati talatin, kwamfuta ta cakuɗa su, ta zaɓi wanda zai fara, sa'an nan wasu daga cikin katin su kansu ba a sanin abin da za su haifar sai an ajiye su.

A farkon 2016 kamfanin ya fito da wata kati mai suna Yogg-Saron, wadda in aka ajiye ta sai ta yi ta sakin sihiri barkatai a kan kowa, har da mai ita. Ɗan wasan da ya ga alamar zai sha kaye sai ya jefa ta, ya rungume hannu ya jira abin da zai biyo baya, wani lokaci kuwa sai wasan da aka yi minti goma sha biyar ana ginawa ya kife cikin daƙiƙoƙi. Ƙwararrun 'yan wasa sun koka ƙwarai, har kamfanin ya rage wa katin ƙarfi kafin ƙarshen shekarar.

A watan Nuwamban wannan shekara ta 2016, wani matashi ɗan Rasha mai suna Pavel Beltukov ya lashe gasar duniya a birnin Anaheim na Amurka, ya tafi da dala 250,000. A kan hanyarsa ta zuwa wasan ƙarshe, wata kati mai ba da kyautar ƙuri'a ta miƙa masa ainihin makamin da yake bukata a daidai lokacin da yake bakin rami, lamarin da ya sa sunansa ya zama abin zolaya a bakin masu sha'awar wasan, duk wanda ya taki sa'a sai a danganta shi da shi. Masu iya magana dai sun ce sa'a ta fi manyan kaya. Sai dai kuma 'yan watanni bayan haka, a farkon 2017, Pavel ɗin nan ya sake lashe gasar nahiyar Turai, abin da ya sa wasu masu sukarsa suka sassauta harshe. A ran 2 ga watan Nuwamban 2019 kuma, wata 'yar ƙasar Sin mai suna Li Xiaomeng ta lashe babbar gasar wasan ta duniya bayan ta doke Brian Eason na Amurka da 3 da nema, ta zama mace ta farko da ta ɗauki wannan kambi.

Hearthstone na cikin wasannin da aka gwada a gasar Asiya ta Jakarta a 2018, kuma an shirya ba da lambar zinari a kansa a gasar Hangzhou da aka yi a 2023. Hakan bai yiwu ba. Yarjejeniyar Blizzard da NetEase ta ƙare a watan Janairun 2023, aka rufe wasan a ƙasar Sin, masu shirya gasar kuma suka cire shi daga jadawali. 'Yan wasan da suka daɗe suna atisaye sun rasa damarsu ba tare da an ajiye ko da kati ɗaya ba, kuma sai a watan Satumban 2024 wasan ya dawo ƙasar bayan kamfanonin biyu sun sasanta. Ita ma wannan wata irin rashin sa'a ce da ba ta cikin lissafin kowane gwani.

Abin da lissafi ke cewa

Masana lissafi na da hanya mai sauƙi ta auna lamarin. A ɗauka ɗan wasa ya fi abokin karawarsa da ɗan kaɗan, yadda a kowane wasa guda damarsa ta yin nasara kashi 55 ce cikin 100. In wasa ɗaya za a yi, zai sha kaye sau 45 cikin 100, wato kusan rabi. In aka ce sai an ci uku cikin biyar, damarsa za ta hau zuwa kusan kashi 59. In huɗu ne cikin bakwai, ta kai kusan kashi 61. Hawan yana tafiya sannu a hankali, kuma ma'anarsa ita ce ko a karawa mai tsawo, wanda ya fi gwaninta na iya komawa gida kusan sau huɗu cikin goma. Amma in mutanen nan biyu suka yi wasa dubu, da wuya ƙwarai mai raunin ya fito a sama. Sa'a na iya lashe gasa ɗaya, amma ba ta iya riƙe mutum a sahun gaba shekara da shekaru. Shi Faker ɗin da ya tsallake rijiya da baya a Guangzhou ya sake ɗaukar kofin duniya a 2023 da 2024 da 2025.

Tsarin auna ƙarfin 'yan wasa da Arpad Elo ya ƙirƙiro, wanda hukumar ces ta duniya ta fara amfani da shi a 1970, kuma wasannin kwamfuta da dama suka kwaikwaya, a kan wannan tunani aka gina shi. Bisa tsarin, wanda ya fi abokinsa da maki 200 ana sa ran zai samu kusan kashi 76 cikin 100 na sakamakon karawarsu. Tsarin bai taɓa yi wa kowa alƙawarin kashi 100 ba. Gwanin ruwa ma, in ji Hausawa, shi ruwa kan ci.

Akwai kuma wani abin mamaki da marubucin nan ɗan Amurka Michael Mauboussin ya yi bayani a littafinsa na 2012 kan sa'a da ƙwarewa: yayin da gwaninta ke ƙaruwa a tsakanin masu fafatawa baki ɗaya, sai tasirin sa'a ya ƙara fitowa fili. Dalili kuwa shi ne, in ka haɗa zakaran duniya da ɗan koyo, ƙuri'a ba za ta ceci ɗan koyon ba. Amma a zagayen ƙarshe na gasar duniya, inda kowa ya yi atisaye iri ɗaya, ya nazarci abokan hamayya iri ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ƙarama ce ainun, kati ɗaya na iya raba gardama. Don haka mai kallo da ya ga ƙuri'a ta yanke wasan ƙarshe bai yi kuskure ba, sai dai ya manta cewa gwaninta ce ta kawo mutanen biyu wurin.

Haka nan kuma sarrafa sa'ar ita kanta gwaninta ce. Gwanin kati yana riƙe da lissafin abin da ya fita da abin da ya saura, in yana gaba sai ya toshe kofofin haɗari, in yana baya kuma ya zaɓi hanyar da ke da ɗan haske ko da ƙanƙane ne. Ɗan kasuwar da ke loda kaya a kwantena daga Guangzhou zuwa Legas ko Kwatano ya san wannan darasi. Ba shi da iko kan canjin dala ko jinkirin jirgin ruwa, amma wanda ya iya raba jarinsa shi ke daɗewa a kasuwa.

Me ya sa kamfanoni ba sa cire ƙuri'ar baki ɗaya? Amsar ta shafi kasuwanci. Wasan da mai rauni ba ya taɓa yin nasara a cikinsa yakan kori sababbin shiga, wasan da aka san ƙarshensa tun farko kuma ba ya tara 'yan kallo. Abin da masu tsara wasanni ke yi shi ne su yi wa ƙuri'ar linzami. A wasan Dota 2, alal misali, an tsara wasu hare-hare ta yadda duk lokacin da sa'ar ba ta faɗo ba, damar faɗowarta a karo na gaba na ƙaruwa, domin kada wani ya yi ta dacewa a jere, wani kuma ya yi ta asara.

Inda wasa ke komawa caca

Wurin da muhawarar ta fi shafar aljihun iyaye shi ne sayen kayan wasa. Wasanni da yawa na sayar da ƙunshi rufaffe, mai saye ya biya kuɗi na gaske bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe, tamkar cinikin kifi a ruwa. A nan gwaninta ba ta da aiki ko kaɗan. A babban yankin ƙasar Sin caca haramun ce a doka, in ban da ƙuri'ar da gwamnati ke gudanarwa, ko da yake yankin Macau, wanda bai da nisa da Guangzhou, ya yi suna a duniya da gidajen cacarsa. Daga ran 1 ga watan Mayun 2017, ma'aikatar al'adu ta ƙasar ta wajabta wa kamfanonin wasanni su bayyana wa jama'a yawan damar samun kowane kaya a irin wannan ƙunshi. Ta haka ne aka ji daga bakin kamfani cewa a Hearthstone, kati mafi daraja na fitowa ne kimanin sau ɗaya a ƙunshi ashirin. A watan Agustan 2021 kuma hukumomi suka taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 yin wasannin intanet zuwa awa ɗaya rak, daga ƙarfe takwas zuwa tara na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu.

Ba wannan ne karo na farko da ƙasar Sin ta yi ƙoƙarin raba wasa da caca ba. A 1998 hukumar wasanni ta fitar da ƙa'idojin gasa na mahjong, wasan da ya daɗe yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da caca a gidajen shayi, da nufin ƙara wa gwaninta nauyi a cikinsa. Sauran ƙasashe kuma kowace ta bi tata hanyar. Beljiyam ta ayyana wasu daga cikin ƙunshin nan a matsayin caca a 2018. Indiya, inda kotuna suka shafe shekaru suna bambance wasan gwaninta da na sa'a, ta kafa doka a watan Agustan 2025 da ta hana wasannin intanet da ake zuba kuɗi don a ci riba, ko da na gwaninta ne, tare da ƙarfafa gasar ƙwararru.

A gida Najeriya ma batun bai yi nisa ba. A watan Oktoban 2024 hukumar Hisbah ta jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, a watan Nuwamban wannan shekara kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne su tsara lamarin. Wayoyin da ake sarowa daga Guangzhou su ne ke shiga hannun yaranmu a Kano da Zariya da Damagaram, da wasannin da ke cikinsu.

Ga uban da ke son ya san abin da ɗansa ke yi da waya, akwai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, shin mutum na iya faɗuwa da gangan a wasan in ya so? Mai dara na iyawa, mai jefa ƙuri'a ba ya iyawa, domin sakamakon ba ya hannunsa. Na biyu, shin wanda ya shekara yana yi ya fi wanda ya fara jiya? In amsar tambayoyin biyu i ce, to wasan na gwaninta ne, ko da akwai ɗan rabo a cikinsa, kuma abin da ya rage shi ne a kula da lokacin da yake cinyewa. In kuwa abin da ake bukata kawai shi ne a zuba kuɗi a jira abin da zai fito, to sunansa sananne ne a ƙasar Hausa tun kafin zuwan kwamfuta.